Falle Ɗaya Na Namiji: Daga Seme Zuwa Zangon Kwatano

Duk Bahaushen da ya tashi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi gani yake ya gama sanin zafi. Mun san ranar bazara mai kai maki 42, mun san iskar da ke tsattsage leɓe, mun san yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin a shimfiɗa tabarma. Amma zafin bakin teku dabam yake. A Kwatano da ƙyar ma'auni ke wuce maki 33, sai dai iskar garin cike take da laima, gumi ya fito ya rasa inda za shi. A Arewa kana yin gumi iska na shanye shi. A can kuwa yana nan tare da kai tun hantsi har bayan isha'i, ya jiƙa riga ya manne ta a gadon baya, kuma rigar da aka shanya da azahar sai a kwana ba ta bushe ba. Wannan ne ya sa ziyarar da na kai wa kawuna a Jamhuriyar Benin ta rikiɗe ta koma neman tufar da namiji zai iya zaman gida da ita kullum, mai sauƙin kuɗi, wadda ba ta zubar da mutunci.

Ta Legas na bi. Daga tashar Mile 2 ake hawa motar Seme, a bi ta Agbara da Badagry, a ƙetare gadar Gbaji, sai kuma shingaye ɗaya bayan ɗaya har bakin iyaka. Ginin da ake bi yanzu na haɗin gwiwa ne, jami'an ƙasashen biyu a haraba guda. Shugabannin ƙasashen na lokacin, Muhammadu Buhari da Patrice Talon, su ne suka buɗe shi a watan Oktoban 2018, kuma da kuɗin Tarayyar Turai aka gina shi ta hannun ECOWAS. Ba a cika shekara da bikin ba Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, a kan fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, ba a sake buɗe Seme ba sai Disambar 2020. Har yau 'yan kasuwar wurin da wannan rufewar suke lissafin shekaru: kaza ya faru kafin a rufe, kaza bayan an buɗe. Mai niyyar zuwa ya riƙe fasfonsa ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, sauran kuma haƙuri ne.

Kana taka Krake, ɓangaren Benin ke nan, Hausa za ta fara tarbarka daga teburan 'yan canji. A nan ne ɗan Nijeriya ke gane inda kuɗinsa ya tsaya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan kowane yuro ɗaya, naira kuwa ta sha faɗuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023. Abin da ake kira araha a Kwatano shekaru goma baya, yau sai ka auna shi sau biyu. Ga kuma lissafin da ya kamata baƙo ya riƙe kafin ya shiga kasuwa: Hausawan can, musamman mutanen Nijar, da dala suke ƙirga kuɗi. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuwa sefa 1,000. In mai shago ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi.

Daga Krake zuwa cikin Kwatano tafiyar kilomita talatin da 'yan kai ce, kuma kusan dukkanta a cikin ƙaramar hukumar Sèmè-Kpodji ake yin ta. Mutane da yawa suna wuce wurin a guje, suna ɗaukarsa hanya kawai. Ni na so shi. Teku na hagu a bayan gonakin kwakwa, fadamu na dama, mata sun jera rake a gefen titi an kankare an ɗaure. Ga manyan kwalaben fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Nijeriya, wanda suke ce wa kpayo, suna ƙyalli a rana, duk da cewa cire tallafin mai a Mayun 2023 ya taɓa wannan sana'ar sosai. A mararrabar Seme hanya ta rabu, ɗaya ta yi arewa zuwa Porto-Novo, babban birnin ƙasar a hukumance, ɗaya ta miƙe yamma. A gabar tekun wannan yanki ne bututun ɗanyen man Nijar ya ƙare, wanda ya taso daga Agadem a jihar Diffa, tsawon kusan kilomita 2,000, kamfanin CNPC na China ya shimfiɗa shi, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. Gaba kaɗan, wajen Ekpè da Sèkandji, filayen motocin kwatano ne iya ganinka. Motar da ake yi wa kirari a Kano da Kaduna da Damagaram, a irin waɗannan filaye take fara kwana bayan an sauke ta daga jirgi. A ɗaya daga cikinsu kawuna ke dillanci.

Abin da ya riƙe idona a wannan hanya ba mota ba ce. Sammako muka yi, kuma ƙofar gida bayan ƙofar gida, magidanta ne tsaye ɗaure da zane. Wani da singileti, wani ya yafa tawul a wuya, wani dattijo ya jefa gefen zanen a kafaɗar hagu yana asuwaki yana amsa gaisuwar masu wucewa. Mutanen Gun ne akasari a nan, da Tori da Yarabawa. Babu mai kallonsu, babu mai dariya. Magidanci a gidansa, da tufar gidansa.

Kwatano gari ne da ruwa ya raba biyu. Mashigin da ya haɗa tafkin Nokoué da teku Faransawa ne suka haƙa shi a 1885, yau gadoji uku ne a kansa. Daga Akpakpa ta gabas ka ƙetare, sai ka faɗa cikin tekun 'yan acaɓa masu rigar ɗorawa, zemijan a bakin mutanen gari, kowa da hular kwano saboda ana tsananta dokar. Ka ce wa kowannensu Zango, ba ya neman ƙarin bayani. Unguwa ce a tsakiyar birni, babban masallacinta shi ne alamarta, ba nisa da Jonquet inda ake canji da lodin motocin ƙasashen waje. Hausawan Nijeriya da na Nijar, Zabarmawa, Dandawa daga Djougou da Kandi da Malanville, Yarabawa, Fulani, duk a cakuɗe. Ƙamshin tsire na tashi tun la'asar, mutanen gari suna ce masa cacanga, kuma kusan duk mai tukubar Bahaushe ne ko Bazabarme. Zaman Hausawa a wannan ƙasa ya girmi birnin kansa, domin ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja ta Nikki da Djougou suke ratsawa, suna kafa zango duk inda suka yada kaya. Da Turawa suka mayar da ciniki bakin teku, jikokinsu suka gangaro. Hirar teburin mai shayi a kwanakin da na yi can ba ta wuce rufe gadar Gaya da Malanville ba, wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da yadda masu zuwa gida ke ƙetare kogi a kwalekwale.

Da muka dawo daga isha'i a daren farko, kawu ya shiga ɗaki da babbar rigarsa, ya fito da farar singileti da zane mai gidan dara, shuɗi da fari, ya naɗe shi a ƙugu har kusan idon sawu. Mutum ne da ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, ya je Makka, ana tashi a ba shi wuri a majalisa. Ya lura da kallon da nake yi.

Ya ce, "Ɗana, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Shaddar nan da ke jikinka ta Kano ce. A nan ƙuraje za ta fesa maka."

Na ce, "Kawu, a gida fa in aka ga namiji da zane, ka san sunan da za a kira shi."

Ya ce, "Wanda zai kira ka bai je hajji ba? Me ya ɗaura a Arfa?"

Na daɗe ina juya wannan amsa, kuma ina ganin gaskiya ce. Ƙyamar da muke yi wa zane a ƙugun namiji ba ta da tsohon tushe kamar yadda muke zato. Gyauto da mayafi su ne tufar mazan Hijaz tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma su ne haramin da kowane alhaji ke ɗaurawa. Mazan Yaman da Somaliya da Bangaladash da Indunusiya, Musulmi miliyoyi, da zane suke zuwa masallaci. A ƙasarmu ma kakanninmu sun ɗaura bante a gona, maƙera da mafarauta da 'yan kokawa sun ɗaura walki, dattijo ya yafa gwado ya zauna a zaure da sanyin safiya ba wanda ya ce uffan. Abin da addini ya hana shi ne namiji ya kwaikwayi mace, abin da ya wajabta kuma shi ne rufe tsakanin cibiya da gwiwa. Wace tufa ce ta maza, wace ce ta mata, wannan al'adar wuri ke faɗa. Ni ban ce a fita da zane zuwa ɗaurin aure a Fagge ba. Amma mutumin da ya koma zama inda laima ke cin fata, ya nace wa wandon roba mai matse cinya a cikin ɗakinsa don tsoron bakin mutanen da ke nisan kilomita dubu, ya cuci jikinsa a banza. Da yawa daga samarinmu masu aiki a Legas da Fatakwal da Kwatano suna fama da ƙaiƙayin matsematsi da makero, suna ta sayen man shafawa, alhali rabin maganin iska ce.

Washegari muka nufi Dantokpa. Kasuwa ce a bakin mashigin ruwan, dab da gada, faɗinta kusan hekta 20, tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Gwamnati ta gina sababbin kasuwanni, da niyyar kwashe 'yan sari zuwa Akassato, masu kayan sawa kuma zuwa Kouhounou kusa da babban filin wasa, saboda haka mai zuwa nan gaba ya tambayi mutanen Zango inda masu atamfa suke kafin ya hau babur. Cinikin atamfa a hannun mata yake, kamar yadda yake a Lome. Suna zaune a tsakanin turame da aka jera har rufi, suna jin Fon da Faransanci da Yarabanci, wasu har da Hausar ciniki. Kawu na kiran kowacce Mama, su kuma suna ce masa Alaji.

A nan na koyi cewa tambayar farko ba ta kuɗi ba ce, ta awo ce. Turmi yadi 6 ne, falle uku ke nan, kowane falle yadi 2. Namiji matsakaici falle ɗaya ya ishe shi ɗauri a ƙugu, domin faɗin atamfa ya kusa mita ɗaya da kwata, yana sauka daga cibiya zuwa ƙasan ƙwauri ko da an naɗe sama. Mai jiki ya nemi yadi 2 da rabi, in ba haka ba bakin zanen zai riƙa buɗewa in ya zauna, kuma wannan shi ne babban aibin da ake gudu. Mai son yafawa a kafaɗa irin ta dattawan Fon da Ashanti kuwa sai ya haɗa da turmi guda ko fiye, wannan kuma ya fita daga sahun kayan zaman gida. Masu sayarwa sun fi son ka ɗauki turmi, kuma shi ya fi sauƙi in aka raba lissafi. Falle uku a garin da wanki ba ya bushewa da wuri ba almubazzaranci ba ne: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a ajiye.

Sai darajar kaya. A saman kowa akwai 'yar Holan ta kamfanin Vlisco, wanda ke garin Helmond tun 1846. A ƙarƙashinta akwai Uniwax ta Kodebuwa da GTP ta Gana. Sai na China, Hitarget da ƙannenta barkatai, waɗanda suka cika kasuwa. Kuɗin da aka faɗa mana na turmin Holan ɗaya zai sayi na China bakwai ko takwas. Ba wanda zai ɗaura Holan ya zauna a kan benci yana shan shayi, don haka ba ta cikin lissafina. Amma cikin masu arahar ma akwai na kirki akwai na banza, kuma a nan ne kawu ya nuna shekarunsa a garin.

Ya fara juya atamfar ya dubi bayanta. In launin baya ya yi fari-fari, fenti ne aka shafa a fuska ɗaya, wanki kaɗan zai koɗe. Ya kama gefe ya murza tsakanin yatsu da ƙarfi. Wadda aka cika wa sitati don ta yi kauri a ido, nan take wurin ke laushi, har ka ga gari-gari a yatsa, in ka ɗaga ta a rana kuma ka hango saƙar tana da tazara. Ya jiƙa farin hankici ya goga a kan jan launi don ya ga ko yana zuba. Na ƙarshe shi ne wanda ya fi muhimmanci ga mai gudun zafi: ya roƙi Mama ta bar shi ya zare zare ɗaya daga bakin yadin, ya fita waje ya kunna masa ashana. Auduga tana ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa tana narkewa ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Atamfofi biyu masu kyan gani, da rubutun auduga zalla a gefensu, a wannan gwaji suka faɗi. Rubutun gefe ba shaida ba ne, domin har sunan manyan kamfanoni ana bugawa a jabu. Araha ba ta ado, haka ne, amma zanen gida ba don ado ake sayensa ba. Abin da ake nema ya sha gumi, ya jure sabulu, kada ya rina wa mutum singileti.

Matsalar da na ci karo da ita a Dantokpa ta zane-zanen jikin atamfar ce. Mazan kudancin Benin ba ruwansu, suna ɗinka riga da wando da atamfa mai furanni da tsuntsaye, iyali guda su fito da anko. Idon Bahaushe bai saba da wannan ba, nawa ma bai saba ba, kuma ban ga dalilin tilasta masa ba. Akwai masu duhun launi da ƙananan zane, ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, amma sai an tona.

Daga nan muka gangara Missebo, kasuwar gwanjo, wadda ke maƙwabtaka da Dantokpa. Inyamurai ne ƙashin bayan wannan ciniki, da yawansu tun bayan yaƙin basasar Nijeriya iyayensu suka zauna a garin. Gwanjo na cikin kayan da dokar Nijeriya ta hana shigowa da su, shi ya sa diloli ke sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, su bi ta bayan fage, su ɓulla a Katangua ta Legas da Aba da Ƙofar Wambai. Ranar da ake fasa dila, tun duhun asuba masu zaɓen farko suke tsaye. A cikin tulin siket na mata wani mai shago ya zaro wata tufa mai nauyi, ja da kore a gidan dara, an yi mata ninki-ninki a baya, da maɗauran fata a gefe. Ya ce wannan ta maza ce, ta mutanen Sikotlan, kilt suke ce mata, kuma ya rasa mai saye.

Na karɓa na duba ta da kyau, domin 'yar'uwar abin da nake nema ce. Ta asali da ulu ake yin ta, yadi wajen 8, tela ya ninke da hannu, shi ya sa take da tsada ƙwarai, ake ajiye ta don biki da taro. Su ma da suka so ta yau da kullum sai suka rage yadin zuwa 5, suka koma zare mai sauƙi wanda inji ke wankewa, kuma da yawan masu arahar a Sialkot ta Pakistan ake ɗinka su. Gwamnatin Birtaniya ta taɓa haramta wa mutanen tsaunukan Sikotlan wannan tufa a 1746, ba a janye dokar ba sai 1782, yau kuma ita ce abin alfaharinsu a duniya. Abin ya burge ni: mutane sun riƙe zanen mazansu har ya zama tuta. Sai dai ba tamu ba ce. An yi ta ne don ƙasar sanyi, kuma a kan gwiwa take tsayawa, mai ruku'u da sujada ba zai natsu a cikinta ba. Na mayar masa na yi godiya.

Gwanjo gaba ɗaya ban ba da shawararsa ga zanen ɗauri ba. Riga ko kwat, to. Amma abin da zai zauna a kan fata kai tsaye cikin gumi, sabo ya fi, tunda sabon ma bai fi ƙarfin talaka ba.

A ƙarshe a cikin Zango na samu abin da nake so, a ɗan shagon wani dattijo mutumin Tawa mai sayar da dadduma da carbi da turare da jallabiya. A ƙasan kanta yake ajiye su, a ninke cikin leda: zannuwan maza masu gidan dara, irin waɗanda alhazai ke sayowa a Makka, saƙar Indiya da Indunusiya. Wasu a buɗe suke kamar falle, wasu an haɗe bakinsu an ɗinke, mutum ya zura ƙafa ya shiga. Wannan na biyun shi ya fi dacewa da wanda bai saba ba, don ko ɗaurin ya kwance ba ya buɗewa ta gefe. Su ma akwai na roba masu sheƙi da santsi, waɗanda ke zamewa daga ƙugu, akwai na auduga masu ɗan kaushi a hannu. Dattijon bai ɓoye ba. Ya ce, "Malam, mai sheƙin nan samari ke so. In don zafi kake nema, ɗauki wannan." Ya sa jika huɗu, kawu ya taya uku, aka daidaita a tsakani. Na ƙara da turmin atamfa mai duhu da muka zaɓo a Dantokpa, wanda kuɗinsa bai kai na yadin kaftani ɗaya na matsakaiciyar shadda ba.

Telan da ke kusa da masallaci ya ƙi taɓa atamfar sai an wanke ta tukuna. Auduga tana shiga in ta sha ruwan farko, in aka kalmashe baki kafin wanki sai ɗinkin ya tattare. Da ta bushe ya yanka ta uku, ya kalmashe, ya haɗe bakin biyu daga ciki, ya bar ɗaya a buɗe don yafawa. Ya kuma kawo wata dabara da na yaba: ɗan aljihu daga ciki wajen ƙugu, na waya da makulli, domin rashin aljihu shi ne abin da ke mayar da mutane ga wando. Ɗaurin kansa ba wuya. Ka ɗaga zanen zuwa ƙirji, ka ja rarar zuwa gaba, ka ninka dama a kan ciki, ka ninka hagu a kanta, sannan ka naɗe bakin sama zuwa ƙasa sau uku har ya kama ƙugu. Ba a ƙulla shi, naɗin ke riƙewa. A sa gajeren wando a ciki in za a fita ƙofar gida, a kuma bar tsawon ya tsaya sama da idon sawu, don sunna da kuma ruwan kwata na damina.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da wannan ciniki. Benin na cikin ƙasashen da suka fi noman auduga a Afirka, ta sha haura tan 700,000 a shekara, akasari daga arewacin ƙasar, wajen Banikoara da Kandi. Talon kansa da auduga ya yi arziki kafin ya hau mulki a 2016. Amma zanen da na saya daga Asiya ya zo, atamfar ma haka. Shekara da shekaru ana loda audugar a jirgi ɗanya, ta dawo a saƙe da ninkin kuɗi. Yanzu sun kafa yankin masana'antu a Glo-Djigbé, kimanin kilomita 45 daga Kwatano, inda ake kaɗi da saƙa da ɗinki, har an fara aika tufafi Amurka. Mu kuwa da muka riga su, masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, kantin Kwari ya koma rumbun kayan China. Masaƙanmu na hannu da suka rage sun koma yin saƙi mai nauyi na biki, wanda ba ya shiga wanki kullum kuma ba ya shiga aljihun lebura.

Ga kasuwa a fili ba mai kallonta. Hausawan da ke zaune a bakin teku, daga Fatakwal da Legas zuwa Kwatano, Lome, Ankara da Abijan, ba su ƙirguwa, kuma kowannensu yana fama da gumin da na yi fama da shi. Ko a gida, daren Afrilu a Sakkwato ba ya buƙatar wando. Falle mai yadi 2, auduga zalla, saƙa marar nauyi, fari da shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, da ɗan aljihu a ciki, a farashin da ɗan acaɓa zai iya biya: wannan ba ya buƙatar babbar masana'anta. Ina kira ga masaƙa da marina da 'yan Kwari su gwada shi. Kafin su yi, wanda hanya ta kai shi Kwatano ya canji kuɗinsa a Krake, ya nufi shagunan da ke kewaye da masallacin Zango, ya nemi na auduga mai haɗaɗɗen baki, kuma kada ya biya sai ya ƙona zare ɗaya ya ga toka.